Yoyon Motar Yaya Maiwada

Motar Yaya Maiwada ta fara yoyo ranar Litinin, saura kwana shida ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama. Da a wani makon ta yi, da ba mai jin labari sai mu 'yan gida. To amma a ƙarshen watan Maris na 1972 duk Minna ta san cewa ranar Lahadi da ƙarfe shida na safe za a yi jerin gwanon motoci daga tashar jirgi har Bosso, don jama'a su ga yadda ake bin sabon hannu, kuma motar da za ta shige gaba da tuta ta yayana ce. Duk Minna ta sani ne saboda shi da kansa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu, har da kurman nan mai sayar da rake a bakin kasuwa.

Yaya babban akawu ne a ofishin lardi, shi ne kuma sakataren kwamitin wayar da kan jama'a game da canjin hannu. Motar kuwa Moris ce mai ruwan toka, ya saye ta a hannun wani Baturen reluwe da zai koma gida. Baturen ya haɗa masa da littafin motar, mai kauri, mai jan bango, kuma tun daga ranar ban ƙara jin Yaya ya yi gardama da kowa ba tare da ya ce "littafi ya ce" ba. A gefen zauren gidanmu na Kwangila ya kafa mata rumfar kwano, ya sa aka kwaso farin yashi daga kogin Chanchaga aka shimfiɗa mata. Kowace yamma shi yake share yashin da hannunsa. Matarsa Sakinatu kuwa damina biyu ke nan tana roƙon a toshe mata rufin ɗakin girki.

A kan wannan farin yashin abin ya bayyana. Baƙin tabo ne, faɗin faifai, daidai ƙarƙashin inji, da sauran danshinsa. Ni Azumi na fara gani da na fito zubar da shara, amma na ja bakina na yi shiru, domin a gidanmu wanda ya kawo irin wannan labari shi ake fara tuhuma. Yaya ya fito cikin farar shat da laktaye, ya yi turus, ya zagaya motar sau uku. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko littafi.

Abin da ya tayar masa da hankali ba yoyon ba ne kaɗai. Kwamiti ya kafa doka cewa ranar Asabar sufeton motoci zai bi gida-gida ya duba duk motar da za ta shiga jeri, kuma wadda aka samu tana hayaƙi ko tana yoyo an cire ta. Yaya ne ya rubuta dokar da hannunsa. Ya rubuta ta ne don Mista Jiya, mataimakinsa a ofis, wanda motarsa ke tari kamar tsohon mai shan taba, kuma wanda sunansa ke biye da na Yaya a jerin. In aka cire Yaya, Jiya ne zai riƙe tuta. Na tabbata da a ce masa haka gara a ce masa an kore shi daga aiki.

Littafi ya ce a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin mota a dubi launin abin da ya ɗiga. Yaya ya shimfiɗa takardar ofis har guda huɗu. Ba abin da ya ɗiga, sai kajin Inna da suka bi ta kai suka sa hannu.

Dole in tsaya a kan Inna kaɗan. Yaya Maiwada ɗanta ne na fari, kuma Inna irin mutanen dā ce da ke riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Tun yana jariri aka miƙa shi gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, can bayan layin dogo, a can ya girma. Bayan rasuwar Baba ya dawo da iyalinsa gidan, suna kwana bango ɗaya ke tsakaninsu da Inna, amma in za ta ce masa tuwo ya huce sai ta bi ta kaina. "Ki ce wa yayanki," haka take farawa, ko da yana tsaye a gabanta. Da ya sayi mota sai ya koma "mai motar nan". Yaya yana kiran wannan ƙauyanci, yana dariya in ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ciki. Ya taɓa ce mini Inna ta fi sanin adadin kajinta a kan adadin 'ya'yansa.

Da takarda ta kasa, aka aika Ƙetaren Gwari aka kira Baba Irimiya. Tsohon fita ne, wato makaniki, na Loko, wurin gyara na reluwe, shekara talatin yana gyaran kan jirgi, tare suka yi aiki da Babanmu. Da ya yi ritaya sai ya koma gyaran motoci a gindin mangwaro. An san shi da abu ɗaya: ba ya tambayar mota ciwonta, ɗanɗanawa yake yi. Ya dangwala yatsa a yoyo ya kai harshe, ya ce maka wannan baƙin mai ne, wannan man birki ne, wannan ruwan lagireto ne da tsatsa, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Direbobin tasha suna cewa harshensa ya fi digiri.

Ya zo a kan kekensa, ya gaishe da Inna da ke zaune a bakin zaure tana jan carbi, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga baƙin layi ya gangaro ta gaban inji. Ya dangwali yashi. Yaya ya daka masa tsawa, ya ce ba a wannan zamanin ba, ba a gidan sakataren kwamitin wayar da kai ba, mutane na kallo. Amma kafin ya rufe baki yatsa ya riga ya isa inda za shi.

Baba Irimiya ya motsa baki. Ya sake motsawa. Sai na ga ya juya a hankali ya dubi bakin zaure, Inna kuma ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

"Maiwada," in ji shi da Hausarsa ta 'yan Loko, "mota naka lafiya lau. Wannan ruwa ba na inji ba ne. Ka bar shi, zai daina da kansa."

Yaya ya tambaye shi to na mene ne. Tsohon ya ce shi dai ya faɗi iya abin da ya kamata ya faɗa. Yaya ya buɗe littafi ya karanta masa da Turanci, da ƙarfi, wurin da aka ce duk yoyo yana da tushe kuma tilas a nemo shi. Sannan ya fassara masa, ko da yake tsohon ya yi aiki da Turawa tun Yaya bai iya ɗaura wando ba. Daga ƙarshe Yaya ya ce ai laifinsa ne da ya kira mai gyaran tukunyar gawayi ya duba motar Ingila. Baba Irimiya ya miƙe. Ya sake gaishe da Inna, ya hau kekensa ya tafi.

Washegari tabon ya dawo, sabo fil. Sai aka kawo Ndako.

Ndako ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, yana da takarda a cikin gilashi, yana kuma sa farar rigar aiki mai aljihu shida, wadda ban taɓa ganin ɗigon mai a jikinta ba. Ba ya durƙusawa sai an shimfiɗa masa buhu. Abin da ya haɗa jininsu da Yaya shi ne, da ya ga littafin sai ya goge hannu kafin ya taɓa. Suka zauna kan benci kai da kai suna bin shafi da yatsa, motar na gefe ba wanda ya dube ta. Bayan awa guda suka yanke hukunci cewa gaskit ne. Ndako ya buɗe kan inji, ya cire gaskit mai lafiya ya sa wani, ya wanke inji tas da kananzir. Yaya ya kwashe baƙin yashi ya zuba sabo, ya kwanta da murna.

Laraba da safe tabon na nan, har ya ɗan fi na jiya faɗi. Ndako ya ce dama ya yi zargin lagireto, bai dai so ya faɗa ba ne. Aka ciro lagireto aka kai wa mai walda, mai walda ya cika shi da ruwa ya jira har la'asar bai ga ɗigo ba, amma tunda an riga an kawo sai ya liƙe wurare uku don kada a ce bai yi aiki ba. A ranar ne rumfar ta fara tara jama'a. Masu dawowa daga kasuwa suna tsayawa, ma'aikatan reluwe suna ajiye kekuna, kowa da nasa ilmi. Wani ya ce man giya ne. Wani ya ce batir ne ke gumi saboda zafin bazara. Wani tela ya rantse cewa motar Bature ba ta jure hannun dama, jikinta ne ya ba ta tun kafin ranar ta zo. Yaya yana tsakiyarsu da littafi a hammata, yana ba kowa amsa. Ya daina cin abincin rana.

Ranar Alhamis na ga tururuwa. Sun yi layi daga gindin katanga har tsakiyar tabon, suna shiga suna fita kamar ranar kasuwar Gwari. Ni ban yi makarantar Kaduna ba, amma na yi shekara ashirin ina girki, na san tururuwa ba ta bin kananzir, ba ta bin baƙin mai. Na faɗa wa Ndako. Ya duba fihirisar littafi, ya ce babu tururuwa a ciki. Ranar man birki ya zarga, ya zuƙe shi duka ya zuba sabo.

Juma'a bayan sallar asuba, gari ya fara haske, maza ba su dawo daga masallaci ba, na fito ɗibar ruwa sai na yi kiciɓis da Inna a zaure tana shigowa daga waje. Ƙoƙo ne a ƙarƙashin mayafinta. Ta so ta wuce, na tare hanya, na karɓi ƙoƙon na sansana. Tawadar allo ce, rubutun sha, da ƙanshin ƙaro da gawayi, da wani ƙanshi kuma da na sani tun ina yarinya.

Ban sha wahala ba kafin ta faɗa, da alama ita ma abin ya cika mata ciki. Matan da ke ɗibar ruwa a famfo ne suka ce ranar Lahadi za a yi asarar rayuka, domin direbobin manyan motocin da ke tasowa daga Bida sun shekara talatin suna bin hagu, hannunsu ba zai manta cikin dare ɗaya ba, kuma duk wanda ke gaba shi za su fara samu. Ta kwana uku ba ta runtsa ba. Sai ta je wurin Malam na bayan masallaci ya yi mata rubutu na safiya bakwai. Da ta dawo ta zauna ta yi lissafi irin nata: mai motar nan ba zai sha ba, ya ce ya waye, kuma ita ba ta da bakin da za ta ce ya sha. Motar kuwa ita ce mai bin hanya, ita ya kamata ta sha. Ba ta tambayi kowa inda bakin mota yake ba. Ta dubi fuskarta, ta ga idanu biyu, ta ga haƙoran ƙarfe a tsakaninsu, ta ɗura a nan.

Na ce, "Inna, mota ba ta shan rubutu."

"Ai na gani," in ji ta. "Duk abin da na ba ta sai ta zubar. Shi ma haka ya riƙa yi yana yaro, sai da na fara sa zuma da kanumfari. Shi ya sa shekaranjiya na fara sa mata."

Nan na tuna. Duk ranar da Yaya zai yi jarrabawa, tun daga elementare har midil, ni ake ba ƙaramin ƙoƙo a rufe da faifai in tsallaka layin dogo in kai masa, a ce in ce Gwaggo ce ta sa aka karɓo. Ina 'yar shekara shida, ban taɓa tambayar dalilin da saƙon Gwaggo ke tasowa daga ɗakin Inna zuwa gidan Gwaggo ba. Raina ya sosu a zauren nan. Na ce ta bari in gaya masa kafin su kashe motar. Ta ce ba da yawunta ba, kuma saura safiya biyu, ba za ta karya ba. Ta karɓe ƙoƙonta ta shige.

Duk da haka na yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani. Da hantsi na fita rumfa. Jama'a sun fi na kullum, Ndako na bayani da sifana a hannu cewa tunda an duba sama an duba gaba, saura ciki, ba makawa sai an sauke inji gaba ɗaya, zai kuma mayar kafin magariba. Na matsa na ce, Yaya, ina da magana a kan yoyon nan, in ya yarda mu shiga daga ciki. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga littafin yadda kowa zai gani.

"Azumi, shafi ɗari uku da goma sha biyu ne a nan, na karanta duka, ban ga sunanki ba. Koma ki duba tukunya."

Aka yi dariya, har da telan nan. To, na koma na duba tukunya. Na duba ta sosai, ranar miyar kuɓewa ta yi daɗin da ba ta taɓa yi ba. Daga ɗakin girki ina jin ƙarar sarƙa, an rataya ta a reshen darbejiya ana jan inji, ƙarti shida suna ja suna ihu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Sai can da yamma, da na leƙa na ga kayan cikin motar a shimfiɗe kan tabarmi uku, ƙanana da manya, Ndako na tsaye a kansu yana juya littafi sama da ƙasa, sannan daɗin ya fara raguwa.

Magariba ta yi inji bai koma ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa cikin yashin Chanchaga, aka tankaɗe yashin da rariyar Sakinatu ba a gan shi ba. Ndako ya ce gobe da sassafe.

Ranar Asabar sufeto ya riga Ndako isowa. Tare da shi akwai Mista Jiya, wai hanya ce ta biyo da shi ya ce bari ya gaisa. Sufeton dattijo ne mai gajeren wando da doguwar safa, ba ya son magana. Ya dubi tabarmi uku. Ya ɗaga murfin inji ya leƙa, ya hango ƙasa ta cikin ramin, domin ba komai a wurin sai iska. A ƙasan kuwa, tsakiyar sabon yashi, ga baƙin tabo shar da danshi, tururuwa na hidimarsu.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya, cikin ladabi, daga ina mota marar inji, marar mai, marar ruwa take yoyo. Daidai nan Ndako ya iso. Ya yi gyaran murya ya ce wannan tsohon yoyo ne da ya maƙale a jikin ƙarfe, sai yanzu ya samu hanya, ana samun haka a ƙasashe masu zafi. Sufeto ya ce shekararsa ashirin da biyu a aiki, yau ya ƙaru. Ya zaro takardar kwamiti ya karanta doka ta huɗu daga farko har ƙarshe, ya yaba da yadda aka tsara ta, ya tambayi wanda ya rubuta. Yaya ya kau da kai. Ya ja layi a kan sunan Yaya.

Mista Jiya ya nuna alhini ƙwarai. Ya ce motarsa ta daina hayaƙi tun ranar Talata, wani tsoho a Ƙetaren Gwari ya lasa bututun ya gaya masa abin da za a canja. Ya ce in Yaya ba zai damu ba akwai wuri a kujerar baya, kusa da yara. Sannan ya nemi a ba shi tutar, tunda an riga an ɗinka. Yaya ya shiga ɗaki da kansa ya ɗauko ta, a goge, a naɗe, ya miƙa.

Jama'a suka watse, Ndako ya ce zai je neman ƙarfen nan a Kaduna. Yaya ya zauna a kan taya a cikin rumfar, littafi a ƙasa kusa da ƙafarsa, bai tashi ba har la'asar. Na kai masa abinci ya ce in mayar. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar shirun da na yi, amma yanzu in na faɗa ban san wanda zan fi ji wa ciwo ba, shi ko Inna. Ita kuwa tana tsakar gida tana tsince shinkafa, kuma wallahi ban taɓa ganin fuskarta da kwanciyar hankali irin ta ranar ba.

Gab da magariba Baba Irimiya ya zo, yana tura kekensa. Bai dubi tabarmin ba, bai ce ai na faɗa ba. Ya jingina keken a cikin zaure, ya ce gobe Ista, da ƙafa zai je coci, keke zai kwana banza, sakatare kuma bai kamata a yi taro babu shi ba. Yaya ya karɓa ba tare da ya ɗaga kai ba. Da daddare ya sanar a tsakar gida, da murya mai ƙarfi kamar mai ba da umarni a ofis, cewa gobe a kan keke zai je tasha, kuma zai bi jerin har Bosso ko da shi ne na ƙarshe. Na ga hannun Inna ya tsaya a kan carbi.

Lahadi da ya dawo daga masallaci, rumfa ya fara zuwa, don ya saba. Yashi fari tas, ko ɗigo babu. Ya tsaya yana kallo, na ji yana cewa ashe Ndako ya yi gaskiya, tsohon yoyo ne, ya ƙare. Ya shiga ya sa farar shat da laktaye, ya maƙala bajen kwamiti a ƙirji, ya ɗaure ƙafar wando da roba. Ƙarfe shida saura kwata ya zo zaure zai ɗauki keke.

Ina bayansa da tsintsiya. Fitilar keken a jiƙe take, baƙin ruwa ya bi ta kan ƙarfen gaba ya gangara, ya taru a daɓe ƙarƙashin taya, faɗin tafin hannu. Tururuwa uku sun riga sun iso.

Yaya ya tsura wa tabon ido. Keke ba shi da gaskit, ba shi da lagireto, kuma ba wanda ya ba da littafinsa. Ya waiga ya ga ba kowa sai ni. Sai ya tattare wandonsa ya tsuguna, babban akawun lardi guda, ya dangwala yatsa ya kai harshe.

Na ga lokacin da ya gane. Bakinsa ya daina motsi, ya kafa wa bango ido. Daga can wajen tasha aka fara jin ham na motoci da gangar 'yan makaranta, shi kuwa yana tsugune.

"Azumi," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "ƙoƙon nan da kike kawo mini ranar jarrabawa. Na Gwaggo."

Na ce Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ko a shayinta ba ta yarda a sa zuma ba, ta ce tsada.

Ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi bai taɓa keken ba, ya juya ya koma cikin gida, na bi shi. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, da ta ji takunsa sai ta juya ta fuskanci bango, yadda ta saba shekara arba'in da ɗaya. Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, inda ya saba durƙusawa in zai yi gaisuwar da ba a amsa masa sai ta bakina. Jerin ya iso kan babban titi, muna jin tafi, muna jin motar Jiya a gaba tana ham ba ƙaƙƙautawa. Yaya bai ko waiga ba.

"Ki tambaye ta," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai, "ko akwai saura."

Ban tambaya ba, ai tana ji. Na ɗauka ba za ta motsa ba. Can sai hannunta ya fito daga mayafi ya turo ƙoƙo ta baya, a rufe da faifai, idonta na kan bango. Ashe kullum sai ta rage, ko da Allah zai sa. Ya ɗauka da hannu biyu ya shanye, har baƙin ruwan ya bi ta gefen bakinsa ya ɗiga a kan farar shat, daidai ƙasan bajen kwamiti. Idanunsa sun cika, ni ma nawa haka.

Inna ta ja carbi ɗaya, biyu. Muryarta ita ma ba daidai take ba.

"Ki ce wa mai keken nan ya goge bakinsa kafin ya fita," in ji ta. "Kada sufeto ya gan shi ya ce yana yoyo."